Shingen Itatuwa a Ƙaramin Gida: Tsawo Kake So, Amma Faɗi Ne Zai Dame Ka

Tambaya: Gidana ƙarami ne. Maƙwabcina ya ɗora bene, tagoginsa suna kallon inda muke zama a tsakar gida. Filin da zan iya bayarwa a jikin katanga bai wuce faɗin mita 1 ba, tsawonsa kamar mita 8. Ina so in dasa itatuwan da ba sa kaɗe ganye, su tashi da sauri su rufe mu, amma kada su yi faɗi. Me zan dasa, yaya kuma zan yi?

Amsa: Malam, sharuɗɗa uku ka kafa: su yi sauri, kada su yi faɗi, kada su kaɗe ganye. Na farkon ne zan roƙe ka ka sassauta. Itacen da ke ƙara mita guda a shekara bai san cewa mita 3 kawai kake buƙata ba. Ranar da ya kai inda kake so, ba zai tsaya ba, kuma ƙarfin da yake tafiya da shi sama, da shi yake tafiya gefe da kuma ƙarƙashin ƙasa. Shekara biyu za ka yi kana murna, sauran shekarun kuma kana kan tsani da almakashi. Mai fili babba zai iya jure wannan. Mai mita 1 a jikin katanga ba zai iya ba. Abin da kake nema shi ne itace mai matsakaicin girma, wanda ko dai halittarsa ce siriri, ko kuma yana karɓar aski ya sake tofowa.

Kafin a kai ga sunan itace, fara sanin tsawon da kake buƙata, domin yawancin mutane suna kintata fiye da kima. Zauna a daidai inda kuka saba zama, ka sa wani ya tsaya a jikin katanga da doguwar sanda, ka ce ya yi ta ɗagawa har kan sandar ya rufe maka tagar maƙwabci. Tsawon nan shi ne naka. In kana son lissafi, ga misali. Idon mutum a zaune yana wajen mita 1.2 daga ƙasa, idon wanda ke tsaye a tagar bene kuma a ce mita 4.5. Idan tsakaninku mita 12 ne, kai kuma kana zaune mita 3 daga shingen, shinge mai tsawon mita 2 da 'yan kai ya isa ya raba ku. Amma in ka matsa baya ka zauna mita 6 daga shingen, shi kuma yana mita 6 ta ɗaya ɓangaren, sai shingen ya kusa mita 3 kafin ya yi aiki. Wato kusantar shinge tana rage tsawon da ake buƙata. Wani lokaci matsar da kujeru taku uku ya fi jiran shekara biyu.

Wannan gwajin zai nuna maka wani abu kuma. Taga ba ta da faɗin mita 8. Mai yiwuwa itatuwa uku ko huɗu dogaye a saitin tagar sun wadatar, sauran layin ka bar shi gajere ko ka bar katanga kawai. Dogon shinge daga kusurwa zuwa kusurwa yana tare iska, yana kuma jefa inuwa mai yawa a ƙaramin fili, har abin da ka shuka a gabansa ya ƙi yin kyau.

Ka kuma bincika dokar garinku kan iyaka da tsawon shinge, domin ƙasashe da yawa suna da ita. A Faransa, dokar farar hula ta ce itacen da zai wuce mita 2 sai a ba shi tazarar mita 2 daga iyakar maƙwabci, wanda bai kai haka ba kuma rabin mita, sai dai in ƙa'idar yankin ta ce wani abu daban. A Ingila da Wales, dokar da aka yi a 2003 ta ba ƙaramar hukuma ikon sauraren ƙorafi kan shingen itatuwan da ba sa kaɗe ganye in ya wuce mita 2, har ta umarci mai shi ya rage. Ko babu doka a inda kake, yi wa maƙwabcin magana tun kafin ka haƙa rami. Rassan za su leƙa wajensa, ganye zai zuba masa, wata rana kuma za ka buƙaci shiga gidansa don askin ɗaya gefen.

To, me za a dasa? Ba ka faɗi yanayin wurinku ba, don haka zan raba maganar gida biyu.

A ƙasashe masu zafi, inda sanyi ba ya kai wa ga ƙanƙara, itacen da aka fi gani a irin wannan aiki shi ne Polyalthia longifolia, nau'in da ake kira pendula, wanda asalinsa daga kudancin Indiya da Sri Lanka ne. Shi ne dogon nan mai miƙewa sambal, rassansa na zubowa ƙasa a jikin kututture, ganyensa dogaye masu lanƙwasa a baki. Ba sai ka tilasta masa zama siriri ba, haka yake. Aibinsa biyu ne. Yana wuce mita 10 in an ƙyale shi, don haka dole a riƙa yanke kansa, kuma tun da kowane ɗaya tsini yake yi a sama, za ka ga giɓi tsakanin kawunansu a daidai inda kake son rufi. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka bar su su wuce tsawon da kake so kaɗan, sannan ka datse kan, sai su cika a sama su haɗe.

In tsawon da ka auna bai wuce mita 2 zuwa 3 ba, ni na fi son Murraya paniculata. Ganyensa ƙanana ne masu sheƙi, yana yin farin fure mai ƙamshi, yana karɓar aski sosai, kuma ko ka yanke shi har cikin tsohon ice zai tofo. Sai dai dangin lemo ne, kuma ƙwaron da ke yaɗa wata muguwar cutar lemo yana zama a jikinsa, shi ya sa a wasu yankunan noman lemo ake taƙaita dasa shi. Akwai Podocarpus macrophyllus na kudancin Japan da Sin, mai siraran ganye. Ba shi da sauri ko kaɗan, amma da wuya ka sami itacen da za a riƙe a faɗin santimita 60 shekara da shekaru kamarsa, kuma yana haƙuri da inuwa. Daga Ostareliya akwai nau'o'in Syzygium australe da aka zaɓo don sirantarsu, irin su Pinnacle. Inda kuma ruwa ya yi ƙaranci, zafi ya yi tsanani, Dodonaea viscosa da lalle suna jurewa inda waɗancan za su ƙone, ko da yake lalle yakan yi shara-shara in fari ya daɗe, kuma in ya tsufa yana yin 'yar ƙaya.

A ƙasashen sanyi kuwa, wanda ya cika unguwanni shi ne Thuja occidentalis, nau'in Smaragd, da aka fitar a Denmark wajen 1950. Yana kai mita 3 zuwa 4 da wani abu, faɗinsa yana tsayawa kusa da mita 1, yana ƙara santimita 15 zuwa 30 a shekara. Yana son rana da ƙasa mai laima, ba ya son bushewa. Taxus, wanda Turawa suka daɗe suna shinge da shi, ya fi shi jure inuwa da jure yanka, shi ne ma a ganina sarkin shinge a can, amma kusan duk jikinsa guba ne ga mutum da dabba, kuma ruwa in ya kwanta a gindinsa yana kashe shi. Ilex crenata nau'in Sky Pencil siriri ne ƙwarai, faɗinsa santimita 60 zuwa 90, sai dai da kyar yake kai mita 3. Inda rani ke da zafi da bushewa, hunturu kuma da sauƙi, kamar ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, Cupressus sempervirens ne ɗan gida, amma shi ma dogo ne ainun, sai an riƙa tare kansa.

Waɗanda zan ce ka guje musu su ne waɗanda mai sayar da dashe zai fi nuna maka in ka ce masa sauri kake so. Na farko Leylandii, wanda aka fara samu a Wales a 1888. Yana iya ƙara kusan mita guda a shekara, yana wuce mita 20, kuma rigingimun maƙwabta a kansa na cikin abin da ya jawo dokar Ingila da na ambata. Na biyu Ficus benjamina. A ido babu shingen da ya fi shi kyau, amma saiwarsa tana bin danshi, tana ɗaga daɓe, tana shiga bututun ruwa da na bayan gida ta duk wata 'yar kafa. Na uku Conocarpus, wanda aka dasa da yawa a ƙasashen Larabawa da Pakistan da Indiya saboda yana jure gishiri da zafi. Saiwarsa ita ma ta yi suna wajen toshe magudana, kuma jihar Gujarat ta Indiya ta hana dasa shi a 2023. Dogon yaro da itacen turare kuwa bishiyoyi ne, ba a matse su a mita 1 kusa da harsashin gini.

Gora tana da nata bayanin, domin iri biyu ce kuma bambancin babba ne. Akwai mai zama curi guda, tana faɗaɗa a hankali daga gindinta, kamar Bambusa multiplex da Bambusa textilis a wurare masu ɗumi, ko Fargesia a wurare masu sanyi. Akwai kuma mai gudu a ƙarƙashin ƙasa, dangin Phyllostachys, wadda za ka dasa a nan ta ɓullo a tsakar gidan maƙwabci. Mai curi tana yin shinge mai kyau, kuma ita ce mafi kusa da saurin da kake so ba tare da ta zame maka bala'i ba. Mai gudu ba a dasa ta sai an kewaye ta da kauri-kaurin roba da aka binne zurfin santimita 60 zuwa 70, bakin ya ɗan fito saman ƙasa. In mai sayarwa bai iya gaya maka wacce ce a hannunsa ba, bar masa kayansa. Ka kuma sani gora tana zubar da busasshen ganye kullum, sai shara.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka yi kan duk itacen da za ka saya, kuma ita ce ta fi sunansa muhimmanci: in an yanke shi har cikin tsohon reshe, yana sake tofowa? Thuja da Leylandii da Cupressus da ɗan uwansu Juniperus ba sa yi, ko kuma da kyar. Korensu a fatar waje kawai yake, in ka buɗa da hannu za ka ga cikin busasshe ne launin ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, in ka yi sakaci shekara biyu shingen ya kumbura ya kai mita ɗaya da rabi, ba za ka iya mayar da shi ba. Ka yanke, ka bar tabo mai launin ƙasa har abada. Taxus da Podocarpus da Murraya da Syzygium da Ilex suna yafiya: ka zabge gefe guda har kusa da kututture, cikin shekara ɗaya ko biyu ya sake rufewa. Ga mai ƙaramin fili, wanda kuma ya san ba kowace shekara zai sami sukunin aski a kan lokaci ba, wannan yafiyar ta fi komai.

Sai maganar wurin. Gindin katanga yana daga cikin wurare mafi wahala ga shuka, kuma mutane ba sa lura. Katanga tana tare ruwan sama daga ɓangare guda, don haka ƙasar gindinta ta fi ta tsakiyar fili bushewa. Tana shan zafin rana ta mayar wa ganye. Sannan a nan ne magina suke zubar da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti su rufe da ƙasa. Siminti yana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, itace ya kasa jan sinadarin ƙarfe, sai ka ga sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Podocarpus da Ilex sun fi saurin nuna wannan. Don haka in ka haƙa ka tarar da ɓaraguzai, kwashe su tas. Ka kuma san inda bututun ruwa da na ƙazanta da wayar wuta suka bi kafin ka sa diga.

Gwada magudanar ƙasar. Haƙa rami zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. In bayan kwana guda ruwa na nan kwance, ƙasar tana riƙe ruwa, kuma yawancin itatuwan nan saiwarsu za ta ruɓe a ciki. A irin wannan sai ka ɗaga wurin, ka yi kunya mai tudun santimita 20 zuwa 30 ka dasa a kai.

Kada ka haƙa ramuka ɗai-ɗai. Ja dogon rami guda a tsawon layin, faɗin kamar santimita 60, zurfinsa daidai da tsawon ƙasar da ke cikin ledar dashen, kada ya wuce. Amfanin haka shi ne saiwa ta sami ƙasa mai laushi ta bi tsawon layin, dukan itatuwan kuma su sami yanayi iri ɗaya, su tashi kai ɗaya. Ƙasar da ka fitar ita za ka mayar, ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki kaɗan. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa. Layin kututturen ya kasance aƙalla santimita 50 zuwa 60 daga katanga. Na san a mita 1 wannan yana da ciwo, amma in ka manna su da bango, bayansu zai mutu don rashin haske, su karkato gaba suna neman rana, su cinye filin da kake ƙoƙarin tsarewa. Ja igiya tsakanin turaku biyu don layin ya miƙe, domin a siririn shinge karkata kaɗan tana bayyana.

Tazara tsakaninsu ta danganta da iri. Smaragd da Podocarpus da Murraya, santimita 60 zuwa 90. Taxus da Sky Pencil, 45 zuwa 60. Polyalthia, mita 1 zuwa ɗaya da rabi. A mita 8 da tazarar santimita 80, itace goma ko sha ɗaya ke nan. Za ka ji sha'awar matse su don su rufe da wuri. Kada ka wuce gona da iri: in sun cunkushe suna gasar ruwa, iska ba ta ratsa su, ƙananan rassa suna mutuwa, sai ka sami shinge mai kai babu ƙafa. Layi biyu a jere, wanda ake ba masu babban fili shawara, ba naka ba ne.

Wajen saye, ɗauki matsakaita, masu tsawon santimita 60 zuwa mita 1 da ɗan wani abu, waɗanda ke da rassa tun daga ƙasa. Babban dashe yana daɗewa yana jinyar saiwarsa kafin ya fara girma, ƙarami kuma yakan kama da wuri, sau da yawa ya cim masa cikin 'yan shekaru. Zare ɗaya daga leda ko tukunya ka duba. In saiwar ta naɗe tana zagaye kamar gammo, warware ta da hannu ko ka tsaga gefen da wuƙa a wuri uku ko huɗu, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye a cikin ƙasa har ta shaƙe kanta. Wurin da kututture ya fara buɗewa zuwa saiwa, nan ne zai zauna daidai da fuskar ƙasa. Binne wuya yana kashe dashe a hankali, sai bayan shekara biyu ko uku ya mutu, mai shi yana ta zargin ƙwari.

Lokacin dashe shi ne lokacin da ƙasa ke da laima kuma rana ba ta da zafi sosai: farkon damina a ƙasashe masu zafi, kaka ko bayan fitar hunturu a ƙasashen sanyi. Shekara biyun farko ban ruwa shi ne aikin. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama. A lokacin zafi, lita 10 zuwa 15 ga kowane dashe sau biyu a mako ma'auni ne na farawa, amma yatsanka ya fi kowane ma'auni: tura shi cikin ƙasa, in da danshi a zurfin yatsa, jira. Tiyo mai ɗigo da aka shimfiɗa a tsawon layin yana sauƙaƙa wannan ƙwarai. Rufe gindin da busasshen ganye ko ɓawon itace kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu kewaye da kututture, musamman inda gara take. Abin da ke yaudarar mutane game da masu ƙananan ganye kamar allura, irin su Taxus da Thuja, shi ne ba sa yin yaushi su nuna ƙishi. Suna nan kore har sai sun mutu, sannan su koma launin ƙasa bayan makonni.

Taki kuwa, kaɗan. Sau ɗaya a shekara a farkon lokacin girma ya isa. Da zarar shingen ya kai tsawonsa, duk takin da ka ƙara aikin aski kake ƙara wa kanka.

Askin nan shi ne ainihin sana'ar, kuma a nan ne ake samun siririn shinge ko a rasa shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce bari ya girma tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun shekarar farko ka fara taɓa gefuna, kana cire kan sabon tofo kaɗan-kaɗan. Duk reshen da aka cire wa kai yana fitar da biyu ko uku a bayansa, haka shingen ke cika ya yi duhu kusa da kututture, maimakon ya miƙa dogayen rassa masu ganye a baki kawai. Masu faɗin ganye irin su Murraya da Syzygium, har kansu za ka riƙa datsewa tun suna ƙanana don su yi rassa daga ƙasa. Masu tsini ɗaya irin su Thuja da Cupressus da Polyalthia, bar musu kai har ya kai inda kake so, gefe kawai za ka riƙa gyarawa. In sun kai, yanke kan kamar santimita 15 ƙasa da tsawon ƙarshe, sabon tofo ya cike sauran ya ɓoye wurin yankan.

Siffar da za ka ba shi ita ce ƙasa ya fi sama faɗi. Ba da yawa ba: in gindin santimita 70 ne, saman ya zama 45 ko 50. Dalili haske ne. Itace da kansa ya fi ƙarfi a sama, in ka aske shi a miƙe kamar bango, cikin 'yan watanni saman zai fi faɗi, ya yi wa ƙasan inuwa, ganyen ƙasa ya zube. Shingen da ƙasansa ya buɗe kuwa da wuya ya sake rufewa. A ƙasashen sanyi wannan siffar tana kuma hana dusar ƙanƙara taruwa a kai ta tsaga shi. Ka kafa sanduna a ƙarshen layin, ka ja igiya sama da ƙasa, ka bi ta. Ido kaɗai yana ƙarya, musamman in kana kan tsani.

Sau nawa? Masu jinkirin girma sau ɗaya ko biyu a shekara, masu matsakaici a wuri mai ɗumi sau uku ko huɗu. Aski kaɗan a kai a kai ya fi zabga guda. Kada ka yi shi a tsakiyar tsananin zafi ko lokacin da itacen ke jin ƙishi, domin ganyen cikin da ka tone bai saba da rana ba, zai ƙone. A ƙasashen sanyi kada ka yi shi dab da hunturu, sabon tofo ba zai yi ƙwari ba kafin sanyi ya same shi. Duba ko tsuntsu ya yi sheƙa kafin ka fara, a wasu ƙasashen ma lalata sheƙar da ake amfani da ita laifi ne. Masu manyan ganye irin Polyalthia, ƙaramin almakashin hannu ya fi dacewa da su, reshe-reshe, domin babban almakashi ko inji yana raba ganye biyu, bakin ya bushe ya yi muni. Kaifin almakashi kuma ba ado ba ne, dakusasshe yana murje reshe ya buɗe wa cuta ƙofa.

Kada hankalinka ya tashi in ka ga ganyen ciki yana rawaya yana zuba sau ɗaya a shekara. Itacen da ba ya kaɗe ganye yana sauya tsofaffi, ba ya yin tsirara ne kawai. Abin damuwa shi ne bushewa daga bakin reshe, ko itace guda ya canza launi gaba ɗaya alhali na kusa da shi lafiya lau. In haka ta faru fara duba gindi, ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kafin ka nemi maganin feshi. In kana zargin ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye a lokacin zafi da ƙura, riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka girgiza, za ka ga ɗige-ɗige suna motsi. Wanke shingen da ruwa mai ƙarfi yakan rage su sosai.

Shinge iri ɗaya yana da haɗarin cewa abin da ya kama ɗaya zai bi layin. An ga haka a Florida ta Amurka daga 2007, lokacin da wani farin ƙwaro ya yi wa shingayen Ficus tsirara unguwa-unguwa. A mita 8 gauraya iri-iri ba ya yin kyau, kuma saurin girmansu ba zai zo ɗaya ba. Abin da nake ba da shawara shi ne ka sayi ƙarin biyu a rana ɗaya da sauran, ka raine su a manyan tukwane ko a wata kusurwa. Ranar da ɗaya ya mutu a tsakiyar layi kana da madadinsa mai shekaru ɗaya da iri ɗaya, abin da ba lalle ka samu a kasuwa ba bayan shekara uku.

In katangarka ta riga ta rufe maka mita biyun ƙasa, akwai hanyar da ta fi dacewa da irin gidanka, ko da yake tana son haƙuri. A bar kututturen itacen babu reshe har zuwa kan katanga, ganyen ya fara daga nan zuwa sama, a ɗaure rassan a jikin wayoyi ko firam su bazu hagu da dama su haɗe da na maƙwabtansu. Sai ka sami shinge a sama inda tagar take, ƙasa kuma fili ya rage naka, har ka sa benci ko ka shuka wani abu a gindin. Podocarpus da Syzygium da Ilex masu tsawo suna karɓar wannan horo.

In kuma ka auna ka ga mita 1 ɗin ma ba za ta samu ba, ko bututu ya bi ta wurin, bar maganar itace. Kafa ƙarafa masu ƙarfi, ka ja waya ko raga har tsawon da ka auna da sanda, ka hau da mai yaɗo wanda ba ya kaɗe ganye. Trachelospermum jasminoides yana yin wannan aiki a faɗin santimita 20 zuwa 30 a wurare masu ɗumi da masu matsakaicin sanyi. Bougainvillea tana son rana da zafi, tana jure fari, amma ga ƙaya ga son bazuwa, sai ka tsaya mata da almakashi. Ƙarafan su shiga ƙasa sosai da kankare, kada ka dogara da katangar kaɗai, domin in ganye ya rufe ragar iska za ta riƙa tura ta da ƙarfin gaske. Ko itatuwan ka zaɓa, irin wannan ragar da ƙyallen inuwa a jikinta za ta rufe ku a shekara uku ko huɗun da shingen zai ɗauka kafin ya kai saitin tagar, sai dai ka kafa ta ta bayan dashen, a gefen katanga, don kada ta tare musu hasken da ke zuwa daga tsakar gida.